Fentin da Auta Ta Wanke

"Buɗe mana, Janar! Ko sai na buɗe maka?"

Auta ta tura masa ɗan akwatin katakon a kan teburin wasa, bakinta ya ƙi rufuwa. Makonni ta yi tana ɓoye masa wannan aikin, ita da ba ta iya riƙe sirri ko na yini guda.

Ya ɗaga murfin yana murmushi.

Murmushin ya tsaya cak, sannan ya gushe.

A cikin soso, kowa a raminsa, ga rundunar 'yan mutum-mutumin dabbobi, ba wanda ya wuce tsayin babban yatsa. Bushiya da garkuwarta, zomo da bakansa, kunkuru cikin sulke, ɓeraye kowa da mashinsa, ga mujiya da dila a gefe. Auta ta zuba musu duk abin da Allah ya hore mata. Ƙayar bushiyar nan ɗaya bayan ɗaya ta bi ta da burushi, idon zomon kuwa har da ɗigon haske a ciki.

"Ina fentin da ke jikinsu?" Muryarsa ta fito can ƙasa.

"Tsohon? Ai na wanke shi tas! Kai, Janar, a ina ka sayo su? Bushiya shunayya fa! Ido ɗaya a goshi, ɗaya a kumatu..."

Ta katse dariyar, don ta ga bai taya ta ba.

"Babana ne ya yi shi."

"Na'am?"

"A gadon jinyarsa ya fenta su. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa."

Innalillahi! Auta ta dafa teburin.

A sana'arsu, abin da ta yi ba laifi ba ne, shi ne ma ƙa'ida. Duk mai fenti da aka kawo wa tsofaffin 'yan mutum-mutumi masu mummunan shafe, jiƙa su yake a ruwan cire fenti, ya bi su da tsohon burushin haƙori, ya faro daga fari. Ba a tambaya, ba a shawara. Ita kuwa har waƙa take yi lokacin da take kallon shunayyar nan tana bin rariyar wanke hannu.

"Wallahi ban sani ba! Madam ce ta kawo min, ta ce ka ce in mai da su sababbi, wai kunyar fito da su kake yi..."

Madam, 'yar gwaggonsa da ke zama a kantar shagonsa, wadda ta daɗe tana yi wa Auta kallon kin tare min hanya, ta ɗago daga goge gilashin da ba shi da ƙura.

"Ni? A'a, baiwar Allah, kar ki sa ni a ciki. Cewa na yi ki gyara su."

"Mujiya da dila kawai na ce," in ji Janar, bai kalli kowa ba. "Su ne bai kai gare su ba. Na ce a kai miki su ki ƙarasa, don ke kaɗai na yarda ki sa hannu kusa da nasa."

Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba, 'Yar Burushi? Kullum fa muna waya."

Ta so ta ba shi mamaki ne, kuma gaskiyar magana, ta so ya ga yadda ta iya.

Ya rufe akwatin a hankali, ya tura mata.

"Ki tafi da su. Waɗannan ban san su ba."

"Janar... don Allah..."

Ya shige ɗakin ajiyar kaya, ya ja ƙofa.

*

Sunan Janar ita ta laƙaba masa, tun ranar da ta fara kai aikinta shagonsa ta same shi tsaye a kan tebur mai tsaunukan kwali da itatuwan soso, rula a hannu, yana auna wa ɓera hanyar da zai kai farmaki. Shagon na wasan yaƙi ne a kan tebur. Manyan mutane, wasu da furfurarsu, su jera rundunar 'yan dabbobi, su jefa ƙwayar ludo, su yi ta gardama kamar ƙasa za a raba. Ita ke fenta musu mayaƙan, da haka take cin abincinta.

Ranar ta yi masa dariya har da hawaye. Shi kuma ya ɗauki kuregen da ta kawo, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana juya shi.

"Wa ya ɓata wa wannan rai?"

"Ɗan'uwansa aka kashe," ta ba shi amsa ba tare da ta yi tunani ba.

"Na ga alama."

Shi ke nan fa. Duk duniya ba wanda ya taɓa kallon aikinta ya ga abin da ta sa a ciki sai shi. Daga nan zuciyar Auta ta tattara nata ya nata ta koma shagon nan.

Matsalar ita ce Abba, mahaifinta. Tun rasuwar Mama su biyu ne a gidan, kuma tsohon direban bas ne da bai yarda da sana'ar da ba a gumi a cikinta ba. Fentin 'yarsa ya haƙura da shi don mace ce, kuma auta. Amma namiji?

"Ƙato da gemunsa yana wasan 'yar tsana? Shi zan ɗauki 'yata in ba? Ranar da ba abinci sai ku dafa zomon roba?"

Sai da ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, ta dawo ta sake lallashi, kafin ya amince Janar ya zo ya gaishe shi a ƙarshen makon nan. Gani kawai, in ji shi, bai yi alƙawarin komai ba.

Ranar ta zo, 'yan kwanaki bayan abin da ya faru a shago. Abba ya sa manyan kayansa, ya zauna a falo tun hantsi. Auta ta gyara labule, ta sake gyarawa, ta leƙa titi har wuyanta ya gaji. Ta kira, waya a kashe.

Da rana ta yi sanyi, Abba ya cire hularsa ya ajiye a hannun kujera.

"Ina Janar ɗin naki? Ko ɓerayen sun kama shi a fagen daga?"

Ta buɗe baki za ta kare shi, sai kuka ya riga maganar fitowa. Ta ruga ɗaki.

*

Teburin aikinta yana jikin taga, cike da ƙananan kwalaben fenti, ga gilashin ƙara girma, ga kofin da burusai ke tsaye a ciki. Washegari ta buɗe akwatin, ta daɗe tana kallon aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarta.

Sai ta ɗauko kwalbar ruwan cire fenti, ta zuba su ciki gaba ɗaya.

Ba ta yi waƙa ba wannan karon.

Da suka bushe, ta rufe ido tana tuno yadda suke da. Ai ta kalle su sosai lokacin da take musu dariya, kuma idon mai fenti ba ya mantuwa. Shunayya mai kauri a bayan bushiya, ta zubo har kan garkuwa. Zomo kunne ɗaya kore, ɗaya ba fenti. Ta mai da burushin hannun hagu don ya yi rawa, ta fara.

Ashe ɓata aiki ma aiki ne! Hannunta ya saba da daidai, ko ta karkatar da shi sai ya nemi hanya ya dawo. Ta yi ta wanke, ta sake, ta wanke. Kwanaki ta yi a haka, ta rame, ta yi zuru-zuru, abinci sai dai ta taɓa ta ture. Saƙonnin da ta tura masa kuwa ko buɗewa bai yi ba.

Wata safiya ta ji inuwa a kanta. Abba ne tsaye, hannuwansa a baya.

"Auta, wannan wace irin kwaɓa ce? Ke da nake jin ana yabon hannunki?"

"Haka nake so ya zama, Abba."

"Haka kike so? To, ko dai ciwon ya taɓa kai ne?"

Ta yi niyyar yin shiru, amma ta gaji da riƙe abin ita kaɗai. Ta faɗa masa komai, har dariyar da ta yi, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba.

"Na wanke masa babansa, Abba... Da hannuna na wanke shi, ya bi rariya. Kuma ina son shi, wallahi ina son shi, ban san yadda zan yi ba!"

Ta rufe bakinta, don ba ta taɓa furta irin wannan a gaban mahaifinta ba.

Abba bai yi faɗa ba. Ya kalli bushiyar, ya kalli 'yarsa, ya ce, "Tashi ki ci abinci." Ya fita yana jan silifas.

*

La'asar sakaliya ta ji sallama a falo. Ta miƙe zumbur, don ko a cikin taro ta san wannan muryar.

"Auta! Fito, kin yi baƙo. Ki taho da kayan nan."

Ta fito rungume da akwatin. Ga Janar durƙushe a kan kafet, kansa a ƙasa, shi ma ya faɗa sosai. Abba na kan kujerarsa ya haɗe rai.

"Ni na aika a kira shi. Wanda ya sa ni na yi wanka na sa manyan kaya na wuni ina jira, ai dole ya zo ya ba ni haƙuri."

"Na yi kuskure, ranka ya daɗe. A gafarce ni."

"Za mu zo kan wannan. Ke, ajiye masa."

Ta durƙusa ta ajiye a kan ƙaramin teburin tsakar falo, ta buɗe. Bushiya shunayya, zomo mai koren kunne, ɓeraye a dame. Kunkuru da mujiya da dila suna nan fari fat, ba ta kai gare su ba.

Janar ya zuba musu ido. Ya miƙa hannu ya ɗauki bushiyar.

"Ina naki aikin?"

"Na wanke."

"Duka? Wancan mai kyan?"

"Ba shi da amfani tunda ba ka san su ba." Ta kau da kai. "Na san ba zai dawo ba, Janar. Na dai gwada ne... ko da kama ce."

Ya juya bushiyar a tafin hannunsa. Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa, hawaye na biye da ita.

"Kin tuna har inda ya zubo kan garkuwa..."

"Ya yi kama?"

Ya girgiza kai a hankali.

"Bai yi ba, 'Yar Burushi. Ke ƙoƙari kika yi ki ɓata. Shi kuwa ƙoƙari yake ya gyara."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Gaskiya ya faɗa, kuma ta san haka tun kafin ya faɗa.

Abba ya gyara murya. "Kai, ba ni labarin mutumin nan. Shi ma ɗan wasan 'yar tsanan ne?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe. Ya fi kowa tsanar abin. Tunda na buɗe shagon bai taɓa taka ƙafarsa ba, in aka tambaye shi aikina sai ya ce ina nan ina nema. Mun yi shekaru daga gaisuwa sai gaisuwa."

"Mutumin kirki," in ji Abba.

"Da ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce a samo masa abin da zai riƙa motsa yatsu. Aka kawo ƙwallon roba, ya yi jifa da ita. Rannan ina zaune kusa da gadonsa sai ya ce, 'Kai, kawo min 'yan tsanan nan naka in ga abin da ya ɗauke maka hankali.'"

Ya share fuska da bayan hannu.

"Shunayyar nan ba zaɓa ya yi ba. Ita ce kaɗai kwalbar da ya iya buɗewa da kansa, kuma ya rantse ba mai buɗe masa. Idon bushiyar nan, yini guda ya yi a kansa. Ya saka, ya zame, ya goge, ya sake. Yana yi yana ba ni labarin ƙuruciyarsa, abubuwan da ban taɓa ji ba. A kan 'yan dabbobin nan na san babana, ranka ya daɗe. Kafin nan sunansa kawai na sani."



Janar ya juyo wajen Auta. "Madam ta san na waye, ita ke kawo masa ruwan wanke burushi. Ta amsa da bakinta, na kuma sallame ta. Amma ni ma da laifina. Ban taɓa ba ki labarin ba, na ɓoye shi kamar wani zai ƙwace min. Da kin sani, na san ko da wuƙa a wuya ba za ki taɓa ba."

"Ka yafe min?"

"Fushin ya daɗe da tafiya. Kunyar dawowa ce ta riƙe ni... da kuma kewarki da ta hana ni sakat."

"Kai!" Abba ya daka tsawa. "A gabana?"

Su duka suka sunkuyar da kai.

Abba ya daɗe yana kallon teburin. Can ya nuna da haɓa.

"Wancan mai ƙoƙon bayan, ba a taɓa shi ba?"

"Kunkuru ne, Abba. Ban kai gare shi ba."

"Ɗauko min burushi."

"Abba?"

"Da wani yare na yi magana? In gani, mene ne a cikin abin da har ake wuni."

Ta kawo burushi da fenti da ruwa. Abba ya sauko daga kujera ya zauna a kafet, ya gyara tabarau, ya lakato kore, ya ɗaga kunkurun.

Bakin burushin ya kama rawa.

Auta ta zuba wa hannun ido. Hannun da ya riƙe sitiyari shekara da shekaru bai taɓa kuskure ba, shi ne yake kaɗawa haka, ya kasa samun bayan kunkuru. Sai yanzu ta gane dalilin da ya sa ya koma riƙe kofin shayi da hannu biyu, da dalilin da ya sa kullum hannuwansa ke baya in ya tsaya. Ita da ke ganin ɗigon haske a idon zomo, ba ta ga tsufan mahaifinta ba, suna gida ɗaya. Wani irin tausayi da kunya suka rufe ta.

"Abba... tun yaushe?"

"Ke, rabu da ni, aiki nake."

Koren ya zame daga ƙoƙon, ya shafe wa kunkurun rabin fuska. Abba ya yi tsaki, ya yunƙura zai ajiye.

Janar ya matso da gwiwoyinsa.

"Kar ka ajiye, Abba. Jingina gwiwar hannunka a kan tebur... yawwa. Sai ka haɗa gindin tafukan biyu, su riƙa rawa tare. In suka yi tare, burushin ba ya ɓata hanya."

Ya sa hannu ya tallafi wuyan hannun tsohon, a hankali, irin riƙon wanda ya saba. Abba ya dubi hannun da ke riƙe da nasa, ya dubi mai hannun. Bai janye ba, bai kuma ce komai a kan sunan da aka kira shi da shi ba.

Burushin ya sauka a bayan kunkurun, ya ja layi guda, a karkace amma a inda aka nufa.

"Ka ga!" in ji Abba, fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ya yi maza ya sake haɗe rai. "Wannan dai kar wanda ya wanke min shi."

"Ko za a kashe ni, Abba," Auta ta faɗa tana dariya tana kuka.

"Wancan tsuntsun da karen dajin fa?"

"Mujiya da dila. Su ne Baba bai kai gare su ba," in ji Janar.

Abba ya lakato wani fentin, bai ɗago ba.

"To, ka riƙa zuwa muna rage su. Da wannan hannun nawa za mu daɗe. Ka kuma gaya wa manyanka ina gida, don ba zan yi ta zama da ƙato a falona ba dalili ba."

Janar ya daskare. Ya waigo ya kalli Auta, ya rage murya.

"'Yar Burushi... kin ji abin da na ji?"

"Na ji."

"Ni ban ji da kyau ba, rabin raina. Maimaita min."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, farin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba.

"Ku yi min shiru," in ji Abba. "Ido zan saka."

Suka yi shiru, su uku suka sunkuya a kan ɗan kunkurun. Bakin burushin ya matso yana rawa, ya matso, ya sauka.

Idon ya zauna a karkace, can kusa da hanci. Ba wanda ya miƙa hannu ya gyara.